Mulkin Minista a Gidan Haya

Idan ka shiga layin masu walda, ka wuce mai gyaran rediyo, akwai wani ɗan shago mai ƙofa ɗaya. A ciki teburi ne da aka shimfiɗa wa tsohon bargon soja, da tulin kayan mutane an ɗaure su ƙulli-ƙulli, da dutsen guga na gawayi wanda ya girmi rabin mutanen layin. Mai shagon shi ne Minista. Bai taɓa riƙe ma'aikata ba, bai taɓa shiga mota mai tuta ba, wanki da guga kawai yake yi yau shekara arba'in da 'yan kai. Amma kira shi da wani sunan ka ga ko zai waiwayo. Jikokinsa ma ba su san yana da wani suna ba.

A yaƙi ya samo sunan. Yana saurayi aka ɗauke shi soja, aka ba shi bindiga, bayan kwana uku aka karɓe abarsu, don an lura abokan gaba ba su da wata fargaba game da shi, na kusa da shi ne ke cikin haɗari. Aka tura shi wajen wanki, ashe can rabonsa yake. Wata rana ya goge wa wani kyaftin wando, kyaftin ya shiga taro, Janar ɗin rundunar ya dubi karin wandon nan tsaye kamar bakin wuƙa ya ce, "Wa ya yi maka wannan?" Kafin la'asar an kwaso shi da dutsensa an dire a bayan tantin Janar. Shekara biyu da rabi yana goge wa mutumin kaya, har safa, har hankici. Ranar da aka ci wani gari, Janar yana cikin nishaɗi, ya daki kafaɗarsa ya ce, "Kai, ran da na hau mulki kai ne ministan tsafta." Hafsoshi suka tuntsire da dariya. Shi kaɗai ne bai yi dariya ba, don shi ya ɗauka naɗi aka yi masa.

To, shi Janar ɗin nan, har yau idan kana son ka tada faɗa a teburin mai shayi, ambace shi. Rabin ƙasar suna cewa shi ya cece su, rabi suna cewa mahauci ne ya sa kaki. Duk a kan wata gada ce. Abokan gaba sun taso, Janar ya ce ƙarfe shida na safe za a fasa gadar don kada su tsallako cikin birni. Ya sa aka fara tsallakar da motocin kaya, shinkafa da harsashi da man fetur. Shida ta buga akwai sauran sojojinsa wajen ɗari uku a ƙetare, suna tahowa da gudu, ana hango su. Hafsoshi suka roƙe shi minti goma. Ya dubi agogonsa ya ce ai shida ya ce. Aka fasa. Birni ya tsira, kaya sun tsira, mutum ɗari ukun nan ba wanda ya sake jin labarinsu.

Cikin ɗari ukun akwai yayan matar da Minista ya aura bayan yaƙi. Kai, wani haɗin sai Allah! Ta san wanda ya yi wa aiki, ya san wanda ta rasa, kuma duk da haka suka ga suna son juna. Sharaɗi ɗaya ta gindaya masa tun kafin aure: "Janar ɗinka ka riƙa cire shi a bakin ƙofa tare da takalmanka. A waje ka yabe shi har muryarka ta dishe, ba ruwana. Ran da ya shigo mini gida, ni zan fita." Ya amince, ya kuma riƙe alkawarin shekara talatin da takwas. Yana sonta, wannan kam ba a ɓoye yake ba. Mutumin da ba ya yarda kowa ya taɓa dutsen gugarsa, ita ta taɓa buga ƙusa da shi a bango, ya kau da kai kamar bai gani ba.

Bayan yaƙi Janar ya tuɓe kaki ya tsaya takarar shugaban ƙasa. Minista ya goge masa fararen kayan rantsuwa tun ana saura mako biyu zaɓe, don ba su ga ta inda za a faɗi ba. Aka faɗi warwas. Wani lauya ne ya ci, mai yamutsattsen wando, kuma wandon nan ya fi ƙona wa Minista rai fiye da ƙuri'un. Janar ya koma gona ya kama kiwon kaji, aka ce su ma sai da ya yanka musu lokacin tashi da na kwanciya, har ciwon suga ya ɗauke shi bayan shekara shida. Minista ya buɗe shago, ya kafa hoton Janar a saman teburi. Daga ranar ƙasar ta samu gwamnati biyu, wadda ke mulki, da wadda da ita ce ke mulki da ba haka ba.

Ta biyun a shagonsa take zama, daga safe har magariba, ba hutun ƙarshen mako. In aka ɗauke wuta, sai ya ɗaga dutse sama ya ce, "Da Janar ne, shugaban kamfanin wuta a kan falwaya zai zauna har ta dawo." In mota ta faɗa rami a titi, ya ce, "Da Janar ne, injiniyan da ya yi titin za a kwantar a ramin a ga ko ya cika." Ministoci kuwa, ya rantse Janar ya gaya masa shirinsa baki da baki: sikeli za a ajiye a ƙofar fadar shugaban ƙasa, duk wata a auna kowa, wanda ya ƙara teɓa ya yi bayanin inda ya samo ta. Masu zanga-zanga za a raba musu tsintsiya, tunda titi suke so. 'Yan jarida za a koya musu fareti, su san inda dama take da inda hagu take kafin su rubuta wa mutane shirme.

'Yar adawa ɗaya yake da ita, wata malamar makaranta da suke haya gida ɗaya, wadda ke kawo masa kaya duk Laraba.

"Baba Minista, to wanda ya ce bai yarda ba fa?"

"Wa zai ce bai yarda ba, ga ruwa a famfo?"

"In an samu fa?"

Sai ya guntsi ruwa ya fesa wa rigarta, ya danna dutse, ya ce ba za a samu ba.

Ana nan sai mulki ya iske shi har gida, yana da shekara sittin da uku. Gidan hayarsu ɗaki goma sha huɗu ne, famfo ɗaya, banɗaki biyu, igiyar shanya uku, da ƙofar ƙarfe wadda ba ta taɓa ganin kwado ba tun da aka sa ta. Kullum faɗa, wannan ta ture bokitin wancan, wancan ya shanya wando a kan zanen wannan. Mai gidan, wanda ke zaune can wata unguwa, ya gaji da kiran waya ya ce su zaɓi shugaba su ƙyale shi ya huta, kowane ɗaki ƙuri'a ɗaya. Direban tasi na ɗaki na biyu ya fito takara, ya yi alkawarin zai riƙa sauraron kowa. Minista ya fito da wando mai kari, ya yi alkawarin ba zai saurari kowa ba, amma banɗaki zai daina wari. Ya ci tara da biyar.

Washegari ya sayo usur da gwangwanin fenti. Kowane bokiti aka rubuta masa lambar ɗakinsa, kuma layin famfo da lamba ake binsa, ko uwar wa ce ke sauri. Igiyoyin shanya ya raba su da ranaku. Banɗaki ya manna masa jadawali, ya kuma riƙa shiga dubawa da kansa, hannu a baya, hanci a sama, kamar mai duba fareti. Wanda ya bar takalmi a tsakar gida sai ya je ya ɗauko shi a kan rufin kwano. Babbar dokar kuwa ta Asabar ce: daga bakwai zuwa tara na safe shara da wanke-wanke, ƙofa a kulle da kwado, ba shiga ba fita, mabuɗi a aljihunsa.

Abin haushin, wallahi, shi ne abin ya yi aiki. Cikin wata ɗaya wari ya tafi. Kwatar da ta shekara biyar a toshe ta kama gudu. Sauro ya ragu, yara suka daina ƙaiƙayi, matan da suka shekara ba sa gaisawa suka koma gulmarsa tare, wanda shi ma ai sulhu ne. Malama da kanta ta ce ba ta son salon, amma ba za ta yi ƙarya ta ce ba ta son banɗakin ba. Minista ya riƙa tafiya a tsakar gida ƙirji a gaba. Shekara talatin da biyar yana gaya wa mutane abin da ƙasa ta yi asara, yau ga shi suna gani da idonsu a cikin ɗaki goma sha huɗu.

Daga nan ne kan ya fara kumbura. Ya ciro hoton Janar daga shago ya kafa shi a bangon tsakar gida, saman famfo, wai don masu layi su samu abin kallo. Famfon kuwa yana kallon ƙofar ɗakinsu sak. Matarsa ta ɗaga labule da safe ta yi ido huɗu da mutumin. Ba ta yi hayaniya ba, ba halinta ba ne. Da ya shigo karyawa ta ajiye masa shayi ta ce, "Malam, baƙonka ya matso kusa fa."

"Ai tsakar gida ba ɗaki ba ce," in ji shi.

"Na sani. Tuna maka kawai nake yi."

Gabansa ya faɗi, don ya santa, ba ta faɗin magana sau uku. Ya yi niyyar cire hoton ranar. Amma da ya fito sai ya tarar da mutum shida a layi, kowa da bokitinsa mai lamba, shiru kamar a masallaci, sai ya ga ai hoton ne ke aiki. Ya ce gobe. Goben ta yi ta zama gobe.

Wanda dokar Asabar ta fara ci shi ne Direba. Ya fita kai wani fasinja tasha, ya dawo bakwai da minti biyu, ya tarar da kwado. Ya buga, ya yi roƙo, ya yi zagi, ya ce cikinsa ne ke murɗawa, a ji tausayinsa. Minista ya tsaya a bayan ƙofa da agogo a hannu ya ce tara. 'Yan gida suna shara suna dariya har da riƙe ciki. Direba ya shigo ƙarfe tara fuska a murtuke, ya wuce banɗaki da gudu, da ya fito ya nuna Minista da yatsa ya ce, "Za mu gani ran da abin ya zo kan naka."

Bayan mako uku abin ya zo. An kwana biyu ba wuta, ga kayan wani ango tuli a shago ana jiransu da azahar, gawayi kuma ya ƙare. Minista yana fama da ciwon baya ranar, sai matarsa ta ce ya zauna, ita za ta sayo masa. Ta fita bakwai saura ashirin, lokaci isasshe, sai dai mai gawayin bai buɗe da wuri ba. Bakwai ta buga. Minista ya leƙa layi, bai hango ta ba. Ya dubi agogo, ya dubi Direba da ke jingine da tsintsiya yana kallonsa, ya ja ƙofa ya datse kwado, ya busa usur.

Bakwai da minti huɗu aka ƙwanƙwasa a hankali.

"Malam, ni ce."

Tsintsiyoyi suka tsaya cak. Sama ta riga ta haɗa, aka fara yayyafi. Malama ta ajiye bokiti ta ce, "Baba Minista, don Allah buɗe wa Mama, ba wanda zai ce komai." Wasu suka ce ƙwarai, a buɗe. Direba kuwa murmushi kawai yake yi, kuma murmushin nan ya fi zagi ciwo. Hannun Minista yana cikin aljihu a kan mabuɗi. Yana so ya buɗe, Allah ya sani yana so. Amma shekara nawa yana gaya wa duniya cewa abin da ya bambanta Janar da sauran shi ne bai taɓa buɗe wa kowa ba? In ya buɗe yau, gobe kowa yana da mata, kowa yana da uzuri, kwata ta sake toshewa, kuma duk maganar da ya yi a shago ta zama surutun mai wanki.

Ya matsa jikin ƙofa ya rage murya. "Ki yi haƙuri, doka ce. Tara zan buɗe. Ki raɓe a rumfar mai walda."

Ruwa ya ƙara ƙarfi. To da ya tsaya nan, wataƙila da an gyara. Amma mai guga mai guga ne, ya ji ruwa yana dukan kwano, hankalinsa ya tafi inda ya saba tafiya. Ya jawo benci ya hau, ya miƙa hannu ta saman katanga ya ce, "Miƙo gawayin kada ya jiƙe."

Kai jama'a! Malama ta dafe kai. Can sai ga ledar gawayi ta ɗago ta saman katanga. Ya karɓa, ya sauko, ya kai ta ƙarƙashin rumfa ya rufe da buhu. Sai da ya juyo ya ga yadda Malama ke kallonsa sannan wani abu ya ɗarsu a ransa, amma ya kore shi ya busa usur a ci gaba da shara. Awa biyun nan ya yi su a tsaye a bayan ƙofa yana kallon agogo, ruwa na zuba a kansa shi ma, wai don a yi adalci.

Tara daidai ya buɗe. Ba kowa a ƙofa, ba ta kuma a rumfar mai walda. Mai walda ya ce ai ba ta shigo rumfar ba, a bakin ƙofar ta tsaya cikin ruwa kusan awa ɗaya, sannan ta tari mota ta tafi.

Direba ne ya fara tafi. Ya zo ya kama hannun Minista da hannu biyu ya ce yau ya yarda mutumin nan adali ne, ya janye duk abin da ya faɗa. Ranar Lahadi 'yan gida suka yi taro suka ce ba sai an sake wani zaɓe ba, ya riƙe har iya ransa. Malama kaɗai ta ƙi ɗaga hannu. Labari ya zaga layi, gidan haya na gaba suka turo wakilai biyu suna roƙon ko zai haɗa da nasu ya mulka. Shi kuwa yana amsa gaisuwa yana leƙen ƙofa. Ya ce fushi ne, za ta huce kafin yamma. Yamma ta yi, Litinin ta wuce, Talata ta wuce, ya ƙona rigar mutum karo na farko a rayuwarsa. Ranar Laraba ya cire hoton, ya rufe shago, ya sa kayansa mafiya kyau, ya hau mota biyu zuwa gidan babbar 'yarsu, wadda ke aikin jinya a can ƙarshen gari.

Sau ɗaya ya ƙwanƙwasa matarsa ta buɗe, ita da kanta. Ta ba shi kujera, ta kawo ruwa, ta tambayi bayansa. Wannan karɓar ta fi tsorata shi fiye da a ce ta rufe shi da faɗa. Ya fara jawabin da ya shirya a mota, yadda doka take, yadda Direba ya zuba ido, yadda shi ma ya tsaya cikin ruwan. Ta bar shi har ya kai ƙarshe.

"Na ji, Malam. Ni ba ruwan ne ya dame ni ba, ai na sha dukan ruwa a rayuwata. Shekara arba'in ina tunanin yadda Yaya ya yi a ƙetaren nan. Ko ihu ya yi, ko gudu, ko ya kira sunan wani. Ban taɓa tambayarka ba, don na san kana bayan tanti kana guga. Ranar Asabar na samu amsa. Ba ihu mutum yake yi ba. Tsayawa yake yi yana jira, don ya tabbata nasa ne a ciki, ba za su bar shi ba."

Minista ya ji kunya ta kama shi, da tsoro irin wanda bai ji ba ko a yaƙi. Ya ce ya cire hoton. Ya ce zai sauka yau ɗin nan, zai jefa kwadon a kwata, zai ba Direba usur ɗin ya yi abin da ya ga dama.

"Kada ka sauka," in ji ta. "Gidan ya yi tsafta, mutane suna jin daɗi. Ba nasu aka bari a waje ba."

"To yaushe za ki dawo?"

Ta gyara zama ta dube shi, ba fushi a fuskarta ko kaɗan. "Gawayin ya kama?"

Da mai wayo ne da ya yi shiru. Amma shi bai iya ƙarya a kan aikinsa ba. Ya ce ya kama, bai jiƙe ba.

"To madalla," ta ce. Ta miƙe, ta kira 'yarta ta ce ta raka babanta bakin titi, kada rana ta yi masa zafi.

Suka tsaya a tasha shi da 'yar. Hawaye yake yi, yana gogewa da hankicin da ya sha kari huɗu. 'Yar ta riƙe masa hannu har mota ta zo, ta taimaka masa ya hau, ta tsaya jikin taga tana wasa da zoben hannunta.

"Baba, ranar Asabar ba ni da aiki, Mama ta ce in zo in kwaso mata sauran kayanta. Ƙarfe nawa zan samu ƙofa a buɗe?"

Kafin ya yi tunani bakinsa ya riga ya ce mata ƙarfe tara.